Dutsen Yulong a Lijiang: akwai wanda ya taɓa hawa? Ya cancanci kuɗin?

DanKwari_Gwanzu
Assalamu alaikum jama'a. Insha Allah ina da tafiya Guangzhou a watan Oktoba, baje kolin Canton. Tsakanin biyan kuɗin kaya da lodin kwantena yawanci zaman otal kawai nake yi, ina kallon rufi. Wani Basine da nake sayen yadi a wurinsa ya dame ni da hotunan wani dutse mai ƙanƙara a lardin Yunnan, Yulong, kusa da garin Lijiang. Ya ce mota mai tafiya a kan igiya ce take kai mutum har sama, ba sai ka wahala ba. Ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa taɓa dusar ƙanƙara da hannuna ba. Akwai wanda ya taɓa zuwa? Ya cancanci kuɗin jirgi, ko dai hoto ne kawai yake da kyau?

Dalibin_Kunming
Wa alaikumus salam Alhaji. Na je, kuma nan Yunnan nake karatu. Amsa a taƙaice: ya cancanta, amma maganar "ba sai ka wahala ba" ka ajiye ta gefe.

Ga yadda wurin yake. Garin Lijiang kansa yana kan tudu, wajen mita 2,400 daga matakin teku. Daga gari zuwa ƙofar wurin bai kai awa ɗaya a mota ba. Daga nan bas ɗinsu za ta ɗauke ka zuwa tashar kebul ɗin, wato motar igiyar, a mita 3,356. Kebul ɗin ya ɗaga ka ya sauke a mita 4,506 cikin abin da bai kai minti ashirin ba. Daga nan kuma akwai matakalar katako da ake bi da ƙafa har mita 4,680, inda aka kafa dutse da lambar a rubuce, kowa na layi ya yi hoto da shi. Ƙololuwar kanta, Shanzidou, mita 5,596 ce, ba a zuwa can.

Mita 174 ɗin nan na ƙarshe su ne labarin. A takarda ba komai ba ne. A can kuwa taku goma za ka yi ka riƙe ƙarfen gefe kana jin bugun zuciyarka a cikin kunne. Na ga wani saurayi ƙaƙƙarfa zaune a kan matakala, leɓensa ya yi shuɗi, gwangwanin oksijin manne a hancinsa, ga wata tsohuwa 'yar ƙarama ta zo ta wuce shi tana cin ƙwai dafaffe.

Hajiya_Yiwu
Alhaji idan Oktoba ne to ka gode Allah baje kolin sai tsakiyar wata yake farawa. Satin farko na Oktoba hutun ƙasa ne a Caina, duk ƙasar ce take fitowa yawo. Ni a irin lokacin na je, cunkoson tashar kebul ɗin sai ka ce Kantin Kwari ana gobe Sallah. Kuma tikiti a waya ake yanka shi ta manhajar WeChat, da lambar fasfo, akwai adadin da ba sa wucewa a rana. Ka sa Basinen naka ya yankar maka tun kafin ka tashi. Lokacin da na je shiga yuan 100 ne, babban kebul 140, bas 20.

Likita_Bash
Kafin a yi nisa da maganar tikiti. Alhaji, ka san rukunin jininka? Ba A ko O nake nufi ba, AA ko AS.

Dalilin tambayar: a mita 4,500 iskar da kake shaƙa a kowane numfashi oksijin ɗin cikinta bai kai kashi 60 cikin ɗari na wanda kake samu a bakin teku ba. Mai sikila, SS ko SC, wannan wuri ba nasa ba ne sam, babu tattaunawa. Mai AS kuwa, wanda a gida lafiyarsa ƙalau har ya manta yana da shi, shi ma a irin wannan tsayi jininsa na iya toshe hanyoyin saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙasan haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. An sha ganin haka ga masu AS da suka hau manyan duwatsu. Kuma mu a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Masu shirya yawon a can ba za su tambaye ka ba, domin cutar ba ta dame su ba, likitan da ke tashar ma mai yiwuwa ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba.

Ban da wannan, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon huhu da mace mai ciki su ga likita tukuna.

DanKwari_Gwanzu
Likita ka ɗaure ni da jijiyata. An yi mana gwajin kafin aure, na san dai an ce ba matsala tsakanina da uwargida, amma wallahi ban riƙe ko ni ne AS ɗin ko ita ba.

Likita_Bash
To ka sake. Gwaji ne mai araha, kowane ɗakin gwaje-gwaje na kirki yana yi.

Sarkin_Musu
Ku dai kuna son tsorata bawan Allah. Dubban mutane ke hawa kullum, har da yara da tsofaffi. Ni na yi shekaru a Jos, na je Mambila, ban ji komai ba. Tsayi tsayi ne.

Mai_Taswira
Sarkin_Musu, Jos wajen mita 1,200 ce. Mambila wajen 1,600. Wuri mafi tsayi a duk Najeriya shi ne Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419. Wato kasuwar Lijiang, inda ake sayar da tumatir, kusan daidai take da ƙololuwar Najeriya. Daga nan ne za a ƙara maka wasu mita dubu biyu da ɗoriya. Ciwon tsayi yawanci daga 2,500 yake fara kama mutane, kai ko layin farawa ba ka taɓa takawa ba.

Sarkin_Musu
Na ji lissafi. Amma har yanzu ban ji wanda ya ce shi ya faɗi ba.

Ummu_Hanan
To ga ni. Ban faɗi ba, amma maigidana ne ya riƙo ni muka dawo kebul ɗin ban taka matakala ko ashirin ba. Kai na kamar zai tsage, ga tashin zuciya, ga jiri. Shi kuwa ko a jikinsa, ya mayar da ni ɗakin hutawa ya koma ya kai har ƙarshe. Kuma ni ce mai motsa jiki a gidan, shi ko masallacin unguwa da mota yake zuwa. Abin ba ya bin ƙarfi. Muna saukowa ƙasa kuwa kafin mu shiga bas ciwon ya fara sakina.

Mu daga Guangzhou muka sauka da daddare, washegari da asuba direba ya ɗauke mu. Guangzhou kuwa kusan a bakin teku take.

Dalibin_Kunming
Abin da ya faru da Anti Ummu_Hanan shi ya sa nake ba Alhaji shawara kada ya yi tsalle ɗaya. Ka biyo ta Kunming, mita 1,900 ko kusa, ka kwana. Jirgin ƙasa mai sauri daga Kunming zuwa Lijiang awa uku da wani abu ne, ta Dali yake bi. Ka kwana biyu a Lijiang kana yawo a hankali, sannan ka hau. Ka sha ruwa sosai, ka ci abinci mara nauyi, kada ka yi gudu don hoto.

Gwangwanin oksijin kuma ka saya a kantin magani cikin gari. Wani direban da ya kai mu sai da ya tsaya da mu a wani shago a hanya, aka kawo wata mata da farar riga ta yi mana lacca mai ban tsoro, aka sayar wa abokina gwangwanaye a ninkin kuɗinsu. Ɗaya ko biyu ya isa. Rigar sanyi mai kauri ana bayar da haya a wurin, ba sai ka saya ba.

Malam_Tudun_Wada
Ni tambayata daban ce, kuma ba don in ɓata wa kowa shiri ba. Na karanta cewa mutanen wurin bauta wa dutsen suke yi. Yaya matsayin Musulmi ya biya kuɗi ya je wurin da ake shirka?

Bintu_Tarihi
Malam, bari in faɗi abin da na sani game da mutanen, hukunci kuma na barwa masu shi.

Ana kiransu Naxi, ba su da yawa, dubu ɗari uku da 'yan kai ne, mafi yawansu a yankin Lijiang. A al'adarsu akwai wani majiɓinci da suke kira Sanduo, suna siffanta shi da jarumi mai farin sulke a kan farin doki, kuma suna ɗaukar dutsen a matsayin jikinsa ko mazauninsa. Ranar 8 ga wata na biyu a kalandar wata ta Sin suke bikinsa, suna yanka tumaki. Ɗakin bautarsa yana ƙasa, wajen ƙauyen Baisha, ba can sama inda kebul yake kai mutane ba.

Malaman addininsu na gargajiya su ake kira Dongba, kuma suna da rubutu na zane-zane wanda har yau akwai masu karanta shi. UNESCO ta sa tsofaffin littattafansu cikin kundin tarihin duniya a 2003. Abin da ya fi jan hankalina shi ne a cikin koyarwarsu, ɗan Adam da ruhin daji da ruwa, wanda suke kira Shu, 'yan uba ne. Idan ka sare itace ko ka ƙazantar da maɓuɓɓuga, bashi ka ci, sai ka biya. Kana ganin tasirin wannan a tsohon garin Lijiang: rijiyoyinsu masu baki uku ne a jere, ruwa na gangarowa daga ɗaya zuwa ɗaya. Na sama na sha, na tsakiya na wanke ganye da kayan miya, na ƙasa na wanki. Na tsaya na ga wata dattijuwa da shuɗin tufafi da fatar tunkiya a bayanta tana wanke alayyafo a na tsakiya, ba wanda ya tsaya gadi, kuma ba wanda ya saɓa.

Malam_Tudun_Wada
Na gode da bayani 'yar'uwa. Amma kin tabbatar da abin da na faɗa ne, suna yanka don wanin Allah.

Abu_Sumayya
Malam, yankan nasu ne, ba na Alhaji ba. Allah Ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Dutsen halittar Allah ne kafin wani ya ba shi suna. Dutsen Dala da ke tsakiyar Kano fa? Nan Barbushe yake hawa wurin Tsumburbura, yau 'yan makarantar Islamiyya ake kaiwa yawon buɗe ido a kansa. Abin da zan ce a kiyaye shi ne allunan katako masu ƙararrawa da ake sayarwa, mutum ya rubuta buƙatarsa ya rataye. Suna ko'ina a Lijiang. Wannan kam ba namu ba ne. Kada kuma a je ana yi musu dariya ko ana taka abin da suke girmamawa, baƙo ne kai.

Malam_Tudun_Wada
Dala an daina bautar a kansa ɗaruruwan shekaru. Wannan kuwa ana yi har gobe. Akwai bambanci. Ni dai da ni ne zan tambayi malamin da na yarda da shi kafin in yanki tikiti.

Abu_Sumayya
Wannan ba laifi. Ya tambaya.

BaMaradi
Ni abin da ya dame ni a tafiyar Sin kullum ciki ne. Mi za a ci a can? An ce mini mutanen wajen naman alade ne abincinsu.

Dalibin_Kunming
Gaskiya ne, shahararren abincin Lijiang haƙarƙarin alade ne da aka shanya da gishiri, ana dafa shi a tukunya a gabanka. Har wainar fulawarsu da suke kira baba sau da yawa da kitsensa ake yi, sai ka tambaya. Amma Yunnan na da Musulmi 'yan ƙabilar Hui masu yawa, tun zamanin da Sayyid Ajall Shamsuddin, mutumin Bukhara, ya yi gwamnan lardin daga 1274. Zheng He ma, babban jagoran jiragen ruwan Sin na zamanin da, ɗan Yunnan ne daga gidan Musulmi. Ka nemi shago mai koren allo da rubutun Larabci, za ka samu taliyar naman sa, a Lijiang ma akwai su. A kan dutsen dai kada ka dogara da kowa, ka sa dabino, burodi da dafaffen ƙwai a jaka.

Wani abu kuma: duk Sin agogon Beijing take bi, Lijiang kuwa tana can yamma sosai. Rana ba ta karkata sai wajen ɗaya da minti ashirin, a hunturu kuma gari ba ya wayewa sai kusan takwas. Ka saita manhajar sallarka da garin, kada ka tafi da lokutan Guangzhou a ka. Alwala kuma ka yi ta tun daga ƙasa, ruwan can saman dutsen yankan hannu yake don sanyi.

Gimbiyar_Jos
Ni fa ƙanƙarar ce ta ba ni kunya. A hoto fara tas. Da na je a watan Agusta, hazo ya rufe ko'ina, da ya ɗan yaye sai na ga wani abu toka-toka mai tsage-tsage kwance a cikin kwari, duk ƙura da tsakuwa a kansa. Aka ce wai shi ke nan. Dusar da zan taɓa ma babu.

Mai_Taswira
Lokacin damina kika je. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa da gajimare ne a can. Sararin sama ya fi buɗewa daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu, dusar ma a lokacin take taruwa. Alhaji, wannan ya shafe ka: ƙarshen Oktoba kana iya samun sama garau, amma dusar da za ka damƙa da hannu ba tabbas.

Abin toka-tokar da kika gani kuwa shi ne ainihin abin. Dusa tana zuba ta narke a shekara. Wancan kuwa ƙanƙara ce da ta daskare shekaru aru-aru, tana gangarowa a hankali saboda nauyinta, shi ya sa take tsagewa. Sunanta Baishui ta ɗaya, ita ce mafi girma a dutsen. Yulong na kan digiri 27 ne arewa da tsakiyar duniya, yana cikin wurare mafi kudu a Sin da ke da irin wannan ƙanƙara, don haka ɗan ƙarin zafi kaɗan yana cinta. Tun 1982 bakinta ya ja da baya sama da mita 200. Da can an ƙirga irinta 19 a dutsen, wasu sun ɓace gaba ɗaya. Cibiyar kimiyya ta ƙasar Sin tana da tashar bincike a wurin, aikinsu kenan aunawa.

Bintu_Tarihi
Kuma ba maganar masu hoto kaɗai ba ce. Magudanan da ke ratsa tsohon garin daga maɓuɓɓugan tafkin Heilongtan suke fitowa, a gindin tsaunukan, kuma tafkin ya sha ƙafewa a shekarun fari. Garin da girgizar ƙasa ta 1996 ta rusa wani ɓangarensa, aka gyara, UNESCO ta sa shi a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1997, yau kusan duk tsohon garin ya koma shaguna da masauƙai, Naxi da yawa sun bayar da hayar gidajensu sun koma sabon gari. Wanda yake son ganinsu a rayuwarsu ya je Baisha, ko ƙauyen Yuhu mai gidajen dutse, inda Joseph Rock, masanin tsirrai ɗan asalin Ostiriya, ya zauna tun shekarun 1920 yana tattara littattafan Dongba.

Sarkin_Musu
To ga wata. Mai yi mana jagora a wani bidiyo ya ce ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa taka ƙololuwar, wai dutsen ba ya yarda. Mai_Taswira, me taswirarka ta ce?

Mai_Taswira
Haka jagorori da yawa suke faɗa. Amma a rubuce yake cewa Amurkawa biyu sun kai a 1987. Abin da ke hana mutane shi ne dutsen farar ƙasa ne mai ɓarɓashi, ga zaftarewar dusa. Dutsen Haba da ke fuskantarsa ta ƙetaren kogin Jinsha, mita 5,396, shi kam ana hawansa a kai a kai.

Sarkin_Musu
A rubuce a wurin Amurkawa. Mutanen garin kuma sun ce a'a. Ni na bi masu gari.

Ummu_Hanan
Ku bar musun nan, Alhaji tambaya ya yi. Alhaji, ko da gwajin ya nuna ba ka hawa can sama, ni a ganina tafiyar ba ta ɓaci ba. Abin da ya fi burge ni ma a ƙasa yake, kwarin da suke kira Lanyue. Ruwan da ya narke daga dutsen ne yake taruwa tafki-tafki, shuɗi mai haske, kana hango tsakuwar ƙasansa ɗaya bayan ɗaya. Amare da angwaye cike da wurin, amarya da farar riga kafaɗa a buɗe tana rawar ɗari, mai hoto na ce mata ta yi murmushi, ana gamawa a yafa mata bargo. Ga shanun yak masu dogon gashi an yi musu ado ana biya a hau.

Gimbiyar_Jos
Matakalan da ruwan kwarin ke gangarowa a kansu fa ginawa aka yi, siminti ne. Kusa da su za ki gane.

Ummu_Hanan
Na sani. Ruwan dai ba su suka rina shi ba.

Likita_Bash
Gyara kaɗan ga Hajiya Ummu_Hanan. Kwarin ma yana kusa da mita 3,000, filin Yunshanping da ƙaramin kebul yake zuwa ya haura 3,200. Ga mai AS wannan ba sifili ba ne, an samu matsalar saifa a ƙasa da haka. Haɗarin ya ragu ne kawai. Mai SS kuwa Lijiang kanta sai da shawarar likitansa. Akwai maganin da ake ba masu hawa, acetazolamide, yana taimakawa ciwon tsayi, amma ba ya hana matsalar sikila, kuma kada a saya a sha kai tsaye. Ƙa'idar da ba ta canzawa: idan ciwon kai ya ƙi sauka, ko amai, ko tafiya ta fara tangaɗi, ko numfashi ya gagara kana zaune, sauka za ka yi nan take. Gwangwani ba ya maye gurbin saukowa.

DanKwari_Gwanzu
Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Gobe zan aika yaro ya karɓo mini lamba a ɗakin gwaji. Malam_Tudun_Wada, zan kuma tambaya kamar yadda ka ce. Saura abu ɗaya: bizar kasuwanci ce da ni, ana buƙatar wata takarda ta daban kamar yadda ake yi wa Tibet?

Hajiya_Yiwu
Babu, Yunnan ba ta buƙatar izini na musamman. Fasfonka dai ya kasance a jikinka, da shi za ka shiga jirgin ƙasa da ƙofar dutsen. Ka tabbatar masauƙin da za ka kama yana karɓar baƙi 'yan waje. Kuma ka bar rana ɗaya ta rara, domin idan iska ta yi ƙarfi rufe babban kebul ɗin suke yi, a mayar maka da kuɗinka, ko da ka riga ka iso tasha.

BaMaradi
Alhaji in ka tsai da rana ka taɓo ni ta akwati, ni ma ina Canton zango na ukku. Amma ni daga kwarin shuɗin ruwan nan zan tsaya in jira ka.

Sarkin_Musu
Ni kuwa in na je har 4,680 ɗin zan kai, ba gwangwani.

Likita_Bash
Kai ma AA ne ko AS?